Fijon Baba Da Man Zamani

Ranar da aka zauna rabon gadon mahaifinmu, Allah ya jiƙansa da rahama, babu abin da ya jawo ka-ce-na-ce kamar tsohuwar motar da ke kwance a gindin dogon-yaro a ƙofar gidanmu, a unguwar da takardun gwamnati ke rubutawa Abakpa, mu kuma muke kiranta Abakwa. An yi wa gida kuɗi ba gardama, an yi wa gonar Rigacikun kuɗi ba gardama. Da aka zo kan mota sai malamin da ke rabon ya ɗago kai ya ce, "To wannan fa, nawa za a sa mata?" Yayanmu ya ce ai 'yan gwangwan sun zo sun duba, a kilo za su saya, su kawo mai walda ya yanyanka ta a nan inda take. Kowa ya yi shiru. Can daga bayan labule muka ji Inna ta ce, a hankali, "A cikinta aka kai ni asibiti haihuwar uku daga cikinku." Ba ta ƙara komai ba. Ni kuwa ban san sa'adda bakina ya ce a sa ta a kasona ba.

Yaya ya dube ni ya girgiza kai, ya ce, "Ka sayi wahala da kuɗinka." A 2021 ke nan.

Ga wanda bai san motar ba, Peugeot 504 ce, wadda muke kira Fijo, fara, haɗin nan Kaduna. Yaran yanzu da suka buɗe ido suka ga titi cike da Toyota da Honda 'yan Kwatano ba za su gane matsayin wannan mota ba. A 1968 Faransawa suka fito da ita, a 1969 aka zaɓe ta motar shekara a Turai, a 1975 kuma ta lashe tseren Safari na Gabashin Afirka, inda ake gwada ƙwarin mota cikin laka da ƙura da duwatsu. A wannan shekarar ce dai Janar Yakubu Gowon ya buɗe masana'antar haɗa Fijo a Kakuri, can tsallaken kogi. Bayan kisan Janar Murtala a 1976, gwamnatin Obasanjo ta ce manyan ma'aikata su rage fankama, sai Fijo ta zama motar gwamnati tun daga sama har ƙasa. Ita ce ta kwamishina, ita ce ta ɗan sanda, ita ce ta haya daga tashar Kawo zuwa Kano. A unguwarmu saurayin da ya zo zance a Fijo, to an gama magana. Masu kallon finafinan Hausa na farkon shekarun 2000 kuma za su tuna sau nawa 'yan sanda suka diro daga cikinta a ƙarshen fim don kama mugu.

Baba ya sayi tasa a 1979 da rancen mota, lokacin yana akawu a sakatariya. Ban taɓa ganin mutumin da ke lallashin ƙarfe irin yadda yake lallashin motar nan ba. Kullum bayan sallar Asuba zai buɗe bonet, ya duba ruwan lagireto, ya zaro sandar baƙin mai ya goge a tsumma ya mayar ya sake zarowa, sannan ya tayar da ita ya bar ta ta ɗumama. Da hunturu, mu yara sai mu fito da kayan makaranta mu jeru a bayan salansa muna ɗumama hannu da ƙafa da hayaƙin. Har gardama muke yi kan wanda zai tsaya daf da bakin. Ƙanshin nan har yau yana hancina. Ka riƙe wannan, mai karatu, domin za mu dawo kansa.

Shekara ashirin da wani abu motar nan ba ta ba Baba kunya ba. Daga baya ne ta soma wani hali. In aka zo hawan gadar Kawo, ko in ya taka totur zai wuce tirela, sai a ji wata ƙara daga cikin inji kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani, ƙas-ƙas-ƙas. Sai zafi, sai ruwa ya tafasa, sai gaskit ya ƙone. A kai gareji, a gyara, a yi shekara biyu ko uku, a sake komawa gidan jiya. Kullum maganar Baba ɗaya ce: "Man yanzu ruwa ne. Da can akwai sufa, in ka zuba mata sai ka ji tana waƙa." Mu kuwa dariya muke yi a ɓoye, muna cewa tsufa ne ya kama mota da mai mota, kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. A 2013 ta ƙone gaskit na ƙarshe a hanyar Zariya, aka jawo ta da igiya har gida. Baba ya sa aka ɗora ta kan duwatsu, ya rufe ta da tamfol, ya ce sai ya samu sarari. Bai samu ba har Allah ya karɓi abinsa.

Gaskiya ni ma da ta zama tawa ban yi mata komai ba. Shekara biyu tana nan, kaji na ƙwai a ƙarƙashinta, yara na wasan direba a kan bonet. Abin da ya zaburar da ni wani abokina ne darakta, wanda ya zo mini gaisuwar Sallah a 2023, ya ɗaga tamfol ya ƙwala ihu. Wai yana da labarin fim na zamanin Shagari, ya yi yawon neman irin wannan mota har Jos bai samu mai kyan jiki ba. In na tashe ta zai ɗauke ta haya sati uku, kuɗi masu kauri. Ai kuwa sai na ji kwaɗayi ya haɗu da kunyar Inna, wadda duk sa'adda na je gaishe ta sai ta ce, "Yaya motar babanku?" in ce, "Ana kai, Inna."

Na ɗauko wani matashin bakanike mai zafin nama. Ya sa sabon gaskit da fulogi da batir, ya wanke kafireta, ya tsiyaye ruɓaɓɓen man da ke tanki, ya zuba sabo. Bugu na huɗu ta tashi. Wallahi sai da na yi ƙwalla. Muka fita gwaji ta titin Ali Akilu, ina taka ta a giya ta huɗu sai ga tsakuwar nan ta dawo cikin gwangwani, irin ta zamanin Baba sak. Yaron ya ce, "Oga, tafet ne, za ta daina." Ba mu kai Kawo ba allurar zafi ta haye ja. Da muka tsaya ya ce shawara ɗaya ce, a cire wannan inji a jefar, a dasa mata na Toyota ɗan Kwatano, kowa ma haka yake yi.

Inna ce ta tuna mini da Kawu. Ba ƙanen mahaifiyarmu ba ne na jini, aminin Baba ne, tsohon bakanike da ya yi aiki a Kakuri yana saurayi kafin ya buɗe garejinsa. Yanzu ido ya yi rauni, yaransa ke aiki, shi yana zaune a benci da carbi. Na je na durƙusa na gaishe shi, na faɗa masa abin da ke tafe da ni. Ya ce a kawo ta. Da aka kawo, bai taɓa sifana ba. Ya shiga gaba ya ce in ja, in sa giya ta huɗu tun muna tafiya a hankali, in take totur har ƙasa. Ƙas-ƙas-ƙas. Ya ce, "Ya isa, ɗana, ɗaga ƙafarka kada ka kashe ta. Wannan ba tafet ba ne. Mai ne ke fashewa kafin lokacinsa. Babanka ya yi gaskiya, amma rabin gaskiyar ya faɗa."

Sati guda aka yi ana kwance inji. Da aka ɗaga murfinsa na sama, wanda kanikawa ke kira tof, Kawu ya daka wa yaransa tsawa kada wanda ya kuskura ya juya inji sai an danne silif da ƙarfe, domin a Fijo bututun da fistin ke hawa da sauka a ciki zare shi ake yi, ruwa na zagaye da shi, in ya motsa daga mazauninsa an jawo sabon aiki. Ya sa aka zaro fistin na uku ya miƙo mini. Samansa duk ya yi ƙananan ramuka kamar gara ta ci, gefensa ya ɓalle, zobe ɗaya ya karye gida uku. Ya ce, "Ka ga aikin tsakuwar da kake ji."

Ga yadda ya fahimtar da ni, ni ma bari in gwada fahimtar da mai karatu. Injin mota numfashi yake yi. Fistin zai sauka ya zuƙo iska haɗe da fetur, ya hau ya matse su a wani ɗan ɗaki da ke cikin tof, sannan fulogi ya ƙyasta wuta, wutar ta bi cakuɗin nan tana ci daga wannan gefe zuwa wancan kamar wutar daji, ƙarfinta ya tura fistin ƙasa. Iya matsin da aka yi, iya ƙarfin da za a samu. To amma kowane fetur yana da iyakar matsi da zafin da zai jure. In aka wuce iyakar, ragowar man da wuta ba ta kai gare shi ba sai ya fashe da kansa gaba ɗaya, ya doki kan fistin kamar guduma. Wannan dukan shi ne ƙarar. Juriyar man kuma ita ake aunawa da lambar okten, kuma man da ake sayarwa a gidajen manmu lambarsa 90 ce ko 91, in ba a yi masa algus ba ke nan.

Na ce, "To Kawu, ai motocin yanzu ma wannan man suke sha, me ya sa su ba sa kuka?" Ya ce su suna da kunne. Akwai wata 'yar na'ura manne a jikin injinsu da ke sauraren wannan ƙara, da ta ji ta sai ta gaya wa kwamfutar mota, ita kuma ta jinkirta wutar fulogi nan take, direba bai ma sani ba. "Fijo kuwa ba ta da kunne sai naka."

Daga nan ya aiki yaro kemis ya sayo sirinji babba, ya sa aka yanko gilashi aka huda shi. Aka kifa tof, aka shafa giris, aka ɗora gilashin a kan ɗakin ƙonewa, aka riƙa ɗura kananzir ta hudar ana ƙirgawa har ya cika. Aka haɗa da kaurin gaskit da ɗan sararin da ke saman fistin. Ni aka ba biro. Injin 504 irin namu siisii 1,971 ne, silinda huɗu, kowace tana zuƙar kimanin 493. Ɗakin da ake matse su a ciki ya ba mu 58. In ka haɗa 493 da 58 ka raba da 58, za ka samu 9.5. Wato ana matse cakuɗin har sau tara da rabi. Kawu ya ce irin wannan inji daga masana'anta bai wuce takwas da 'yar ɗoriya ba.

Na ce to wa ya ƙara masa? Ya yi shiru, sannan ya ce, "Mu ne." Ashe tof ɗin Fijo na alminiyam ne, in ya sha zafi sai ya ɗan lanƙwashe, sai a kai wa masu inji su kankare fuskarsa ta koma daidai. Duk kankara ɗaya tana rage zurfin ɗakin, matsi ya ƙaru. Matsi in ya ƙaru mai ya riƙa fashewa, inji ya ƙara zafi, gaskit ya sake ƙonewa, a sake kai tof kankara. Sau huɗu aka kankare na Baba. "Biyu daga ciki da hannuna na kai," in ji Kawu. "Muna ba ta magani, ashe maganin ne ke ƙara mata ciwo." Ga kuma baƙin gawayin da ya taru a ɗakin shekara da shekaru, ya ƙara cinye wuri, kuma in ya yi ja yakan kunna mai tun fulogi bai ƙyasta ba. Duk bambancin da ke tsakanin lafiyar injin nan da mutuwarsa siisii 10 ne, cikin cokalin shayi biyu. Rashin sani ya fi dare duhu.

Wannan shi ne rabin da Baba bai faɗa ba. Rabin da ya faɗa kuwa, wato cewa mai ya canza, shi ne ya kai ni ga abin da ya hana ni barci.

Da na ji ana cewa man da can ya fi juriya, sai na ce wa Kawu me zai hana mu nemo abin da ake zuba masa a da, mu riƙa zubawa, mu huta? Ya ce, "Dalma ce. Je ka tambayi masu boko abin da ta yi." Na je na bincika. A 1921 wani injiniya Ba'amurke mai suna Thomas Midgley, a kamfanin General Motors, ya gano cewa in aka ɗiga wani sinadarin dalma kaɗan a fetur sai wannan ƙara ta ɗauke. A 1923 aka fara sayar da irin wannan mai a Amurka, daga nan ya game duniya. Hanya ce mai araha ta ɗaga lambar okten, shi ya sa masu ƙera motoci suka samu damar ƙara matsi suna ƙara gudu. Bayan haka dalmar takan bar wani ɗan shafi a mazaunin bawul ɗin da hayaƙi ke fita, ya zama kamar matashi tsakanin ƙarfe da ƙarfe. Ga inji dai, alheri ce.

Ga ɗan Adam kuwa guba ce. Tana fita ta salansa, ta shiga iska, ta sauka a ƙasar da yara ke wasa, ta shiga jini. A jikin babba tana jawo hawan jini da ciwon ƙoda, a jikin yaro kuma ƙwaƙwalwa take taɓawa, ta rage masa kaifin fahimta, kuma abin da ta ɓata ba ya dawowa. Mu a Arewa ba sai an yi mana dogon bayani ba, mun ga abin da gubar dalma ta yi a ƙauyukan Zamfara a 2010, inda yara fiye da 400 suka rasu sanadin ƙurar duwatsun zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje. Ta fetur ba ta kisa farat ɗaya irin wannan, a hankali take bi, amma dalma dai dalma ce. Amurka ta haramta ta a man motoci a 1996. Ƙasashen Afirka na kudu da Sahara suka haɗu a Dakar a 2001 suka yi alkawarin rabuwa da ita, zuwa farkon 2006 aka cika alkawarin. Aljeriya ce ta ƙarshe a duniya, a 2021, shekarar da na gaji motar nan.

Daren da na karanta wannan, ba abin da nake gani sai mu shida a jere a bayan salansa da hunturu, muna tura juna, Baba na murmushi yana goge gilashi. Ƙanshin da nake kewa, da waƙar da Baba ke cewa motar na yi, ga abin da ke cikinsu. Bai sani ba, Allah ya sani bai sani ba. Amma daga ranar na daina cewa a dawo mana da man da.

Sai dai Yaya bai daina nasa ba. Lokacin an cire tallafin mai tun ranar 29 ga Mayu, 2023, litar da muke saye ƙasa da naira 200 ta ninka ta sake ninkawa, kafin ƙarshen 2024 har ta haura 1,000. Ya same ni a gareji ya ce, "Kai yanzu a wannan marra, mutane na ajiye motocinsu suna hawa Keke, kai kana zuba kuɗin makarantar 'ya'yanka a gwangwani? In dole sai ka tashe ta, sa mata injin Toyota mana." Ban iya ba shi amsa ba, domin ta fuskar lissafi ya fi ni gaskiya. Abin da na kashe a kan injin nan da ya saya mini sabon babur har da canji. Kawu ne ya amsa masa daga kan benci, ya ce, "Alhaji, in aka sa mata zuciyar wata, ai ba motar babanku ba ce kuma, akwatinta ne." Yaya ya yi tsaki ya tafi. Mun yi wata biyu gaisuwa kawai ke haɗa mu.

Aikin kansa ya ci wata biyar, mafi yawansa yawon neman kaya. Tof ɗinmu ya riga ya tashi daga aiki, don haka na shiga Panteka, tsohuwa da sabuwa, da sirinji da gilashi a aljihu kamar malamin asibiti. Masu kaya har sun gane ni, in na doso sai su ce ga mai allura nan. Tof bakwai na auna, duk an kankare su, wani ma ya fi namu lalacewa. Na takwas, a ƙarƙashin tarin ƙarafa wurin wani dattijo, shi ne ya ba mu 68 bayan an haɗa lissafi. Ka raba ka gani, 8.25 ke nan. Kawu ya shafa fuskarsa da tafin hannu ya ce, "Wannan bai taɓa ganin inji ba."

Aka kai shi aka cire tsofaffin mazaunan bawul na hayaƙi aka dasa masu tauri, waɗanda ba su buƙatar matashin dalma. Kawu ya ce Fijo ma da sauƙi, tun da tof ɗinta na alminiyam ne dama da dasasshen mazauni take zuwa, tsofaffin motocin Ingila masu tof na baƙin ƙarfe su suka fi shan wuya da aka cire dalma, bawul ya riƙa nutsewa cikin tof har inji ya daina numfashi. Aka sa sababbin silif da fistin da zobba. A nan na ga abin da ake kira ƙwarewa, domin dole kowane silif ya ɗara fuskar inji tsawo da kamar kaurin gashin kai, don gaskit ya samu abin cizo. Tsohon nan da ba ya ganin lambar waya sai ya bi da farce ya ce wannan ya yi, wancan a sake. In aka auna da ma'auni sai a tarar haka ne.

Sauran aikin duk na rage zafi ne da daidaita wuta. Aka kwance lagireto aka zure bututunsa ɗaya bayan ɗaya, laka ta fito kamar ta kwata. Aka mayar da tamostat da wani ya cire ya jefar tun tuni da sunan wai ƙasarmu da zafi. Aka sa fulogi masu saurin sakin zafi. Aka canja duk robobin da mai ke bi, da fatar famfon mai, don sun bushe sun tsattsage. A kafireta aka tarar an yi ta zura wa jet waya har ramukan sun buɗe, aka sa sababbi. Cikin distiributa kuma, wato mai raba wuta ga fulogi, wasu 'yan sifirin biyu sun saki, suna sa wuta na riga lokacinta tun inji bai yi gudu ba. Su ma aka canja.

Ranar saita taimin, Kawu ya sake shiga gaba. Mu hau titi, giya ta huɗu, in take, ya karkata kai yana saurare. In ya ji ko alamar tsakuwa sai mu tsaya, yaro ya sassauta distiributa ya juya shi kaɗan, mu sake. A karo na biyar na take har ƙasa, ba abin da na ji sai wani gurnani mai laushi. Ya ce, "Ɗaure nan."

Amma fa sai na ji ta yi sanyi. Ba ta zabura kamar ranar da muka fita da matashin nan. Na faɗa wa Kawu, har da ɗan ɓacin rai, na ce na kashe kuɗi don ta dawo yadda take, ga shi an rage mata ƙarfi. Ya ce, "Ɗana, zaburar da ka ji ran nan ta mai zazzaɓi ce. Ni da kake gani da can nakan ɗaga giyabos ni kaɗai. Yanzu in na ce sai na yi, gobe ku yi jana'iza. Ka zaɓa, ta yi maka gudu wata shida, ko ta yi maka tafiya shekara ashirin. In kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza." Ya ce in bi ta a hankali kilomita 1,000, in dawo a sake ɗaure tof a saita tafet, a juye baƙin mai. Ya kuma gargaɗe ni da man bumburutu, ya ce wanda aka haɗa da kananzir okten ɗinsa faɗuwa yake, ko an yi mata gyaran duniya sai ta yi kuka. Wanda ya ga yadda gurɓataccen man nan mai sinadarin metanol ya kwantar da motoci a farkon 2022 ya san ba wasa yake ba.

Fim ɗin fa? Masu karatun wannan mujalla sun san halin sana'ar. Abokina darakta ya zo ya ɗauki hotuna, ya rantse bayan Sallah za a fita aiki. Sallah ta wuce, wata ta wuce, mai zuba kuɗin ya janye. Har yau ban ga ko sisi ba. Na yi fushi na kwana biyu, daga baya na gode masa a zuciya, domin ba don kwaɗayin da ya sa mini ba da har yanzu kaji na ƙwai a ƙarƙashinta.

Wata Asabar bayan an cika kilomita dubun, na wanke ta na je na ce wa Inna ta shirya in kai ta Zariya wurin ƙanwarta. Ta fito da mayafi ta tsaya a ƙofar gida tana kallon motar, ta daɗe. Ta buɗe baya za ta shiga, na ce ta dawo gaba, ta ce a'a, nan ne wurinta. Muna shirin tashi sai ga Yaya a ƙafa, wai ya zo gaishe ta ne. Ya zagaya motar sau ɗaya, ya leƙa ciki, bai ce komai ba, sai ya buɗe gaba ya zauna ya ja ƙofa. Jikokin Inna suka ruga bayan mota suna son jin ɗumin salansa, na fito na kore su. Ko babu dalma, hayaƙi hayaƙi ne.

Muka hau sabuwar gadar Kawo a giya ta huɗu. Na kasa kunne, Yaya ma na ga ya kasa. Shiru. Muka wuce Mararrabar Jos, muka wuce Jaji, allurar zafi na tsaye a tsakiya kamar an kafa ta da ƙusa. Ƙananan motoci na ta wuce mu fuu, wasu direbobin na ɗaga mana hannu, wani ɗan tasi har ya rage gudu ya leƙo ya ce, "Alhaji, ta sayarwa ce?" Yaya ne ya riga ni amsawa, ya ce, "Ba ta sayarwa ba ce."

Daf da shiga Zariya na dubi madubi na ga Inna ta jingina kai, idonta a rufe, leɓenta na motsi. Na ɗauka barci take. Can ta ce, "Kai dai ba ka iya gudu irin na babanku ba." Na ce, "Inna, motar ce ba ta gudu yanzu." Ta ce, "To ai mun iso."

Allah ya jiƙan Baba, ya sa Aljanna ce makomarsa. Allah ya ƙara wa Kawu lafiya, ya ba yaransa haƙurin koyon abin da ke kansa tun yana raye. Wanda kuma yake da irin wannan tsohuwa a ƙarƙashin tamfol, shawarata gare shi ita ce, kafin ya bari a sake kai tof ɗinta kankara, ya fara aika yaro kemis ya sayo sirinji.